Yadda ake bin sawun kalmomin Turanci masu nufin ƙarfi da iko

Ɗalibi zai buɗe ƙaramin ƙamus ya ga strength da power da might da force duk an fassara su da "ƙarfi", sai ya ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Alhali kowace da gidan da ta fito, kuma sanin gidan ne ke nuna wajen da ta fi dacewa a jimla. Ga yadda ake bi.

Da farko, nemi ƙamus mai ba da tarihin kalma, ba ma'anarta kaɗai ba. Oxford English Dictionary yana nuna lokacin da aka fara ganin kalma a rubuce, Etymonline kuwa kyauta ne, a waya ma sai ka buɗe. Ka riƙe alamominsu: OE tsohon Turanci, OF tsohon Faransanci, L Latin, Gk Girkanci. In ka ga tauraro a gaban kalma, ba a taɓa samunta a rubuce ba, masana ne suka gano siffarta ta hanyar gwama harsuna.

Na biyu, tuɓe wa kalmar kayan da aka ɗora mata. Cire "th" daga strength, strong ce za ta rage, kamar yadda length ta fito daga long. A tsohon Turanci strang ake cewa. Might kuma 'yar uwar may ce, kuma har gobe Jamusawa na kiran iko Macht. Waɗannan su ne 'yan ƙasa, tun zamanin Anglo-Saxon, mutanen Ingila na dā masu magana da tsohon Turanci, suke bakin talaka.

Na uku, kuma nan ne zancen ya fi daɗi, tambayi kanka: kafin 1066 kalmar ta shigo ko bayanta? A shekarar ne William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har tsawon ƙarnoni. Ta wannan ƙofar power ta shigo, wajajen 1300, daga kalmar tsohon Faransanci poeir, ma'ana "iya yin abu". Shi ya sa ta fi karkata ga mulki, strength kuwa ta tsaya a damtse. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don mu ma "mulki" da "hukunci" da "ƙudura" daga Larabci suka zo ta hannun malamai da alƙalai. Ɗan dambe yana da strength, hakimi yana da power, ko da kuwa ba zai iya ɗaga buhun gero ba.

Na huɗu, tattaro dangi. Fortis ta Latin, wato "mai ƙarfi", ita ta haifi force da fort da effort, har da comfort, wadda asalinta ƙarfafa wa mutum gwiwa ne, ba kishingiɗa a kujera mai laushi ba. Robust daga robur take, icen oak mai tauri. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce muscle: musculus na nufin ɗan ƙaramin ɓera. Naɗe hannun rigarka, dunƙule hannu, ka motsa damtse, za ka ga abu na kai da komo a ƙarƙashin fata kamar ɓera cikin buhu.

Kalmomin kimiyya kuwa, yawanci Girkanci za su kai ka. Energy daga energeia ce, kalmar da Aristotle ya yi amfani da ita, a cikinta akwai ergon, wato aiki; Thomas Young ya ba ta ma'anar kimiyyar zamani a 1807. Dunamis, wato ƙarfi, dangin dynasty ce, ita ta ba da dynamo, daga ita kuma Alfred Nobel ya raɗa wa nakiyarsa suna dynamite a 1867.

Kashedi ɗaya: kamannin sauti ba shaida ba ne. Samari na cewa wane yana da "pawa", amma wannan ba ta haɗa komai da fawa ta mahauta ba. Sai ƙamus ya nuna sarƙar, harshe bayan harshe, kafin ka yarda.

Daga nan sai gwaji a kan abin da ka sani. Ɗauki sunan NEPA, da har yau yara ke ihunsa in an kawo wuta. Harafin P na power ne, a nan yana nufin lantarki. A kuwa na authority ne, daga auctoritas ta Latin, dangin author, wato ikon da doka ta ba hukuma. In hannunka ya faɗa, gwada valour da value da valid, ka ga ko za su kai ka ga valere ta Latin, wato zama da ƙarfi.