Yadda Ake Sarrafa Sabar coturn Daga Taminal

Kamfanonin jigilar alhazai da ke da ofis a Makka ko Jidda, da wani a Kano, sukan kafa Nextcloud Talk ko Jitsi don kiran bidiyo. Kira ya shiga, an ɗauka, amma babu murya babu hoto. Yawanci wayoyin biyu ne ke bayan NAT (tsarin da ke ɓoye na'urori da yawa a bayan adireshin intanet guda), musamman a layin data ko wayifai na otal, ba sa iya ganin juna kai tsaye. Sabar TURN ita ke shiga tsakani ta riƙa miƙa sautin, kuma coturn ce aka fi amfani da ita.

A Ubuntu ko Debian, girka ta da `sudo apt install coturn`. A tsofaffin fitowa sai ka buɗe `/etc/default/coturn` ka cire alamar # daga gaban `TURNSERVER_ENABLED=1`, in ba haka ba ba za ta tashi ba.

Duk aikin yana cikin `/etc/turnserver.conf`. Samar da kalmar sirri da `openssl rand -hex 32`, wadda ita ce za ka sa a cikin Nextcloud Talk ko Jitsi ma, sannan ka rubuta (sa sunan sabarka a madadin turn.example.com):

```
listening-port=3478
tls-listening-port=5349
realm=turn.example.com
fingerprint
use-auth-secret
static-auth-secret=KALMAR_SIRRINKA
min-port=49152
max-port=65535
no-multicast-peers
denied-peer-ip=10.0.0.0-10.255.255.255
denied-peer-ip=192.168.0.0-192.168.255.255
```

Kada ka raina layukan `denied-peer-ip`. Idan babu su, duk wanda ya samu shiga zai iya bi ta sabarka ya leƙa na'urorin cikin ofis.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne `external-ip`. Wasu sabobin haya ba su san adireshinsu na waje ba, na ciki kawai suke gani. Duba da `ip a`. In adireshin ya fara da 10 ko 192.168, to ƙara `external-ip=NA_WAJE/NA_CIKI`. Wanda ya tsallake wannan zai ga komai lafiya a rajista, amma coturn tana raba wa wayoyi adireshin da ba ya zuwa ko'ina.

Sai katangar tsaro:

```
sudo ufw allow 3478
sudo ufw allow 5349
sudo ufw allow 49152:65535/udp
```

Layi na uku ne ke ɗauke da murya da hoto. Buɗe shi har a shafin kamfanin da ka yi hayar sabar, don can ma akwai tasu katangar.

Tayar da ita da `sudo systemctl restart coturn`, ka tabbatar tana saurare da `ss -lunp | grep 3478`. Gwaji daga wata kwamfuta ake yinsa, ba daga sabar ba:

`turnutils_uclient -v -y -u gwaji -W KALMAR_SIRRINKA turn.example.com`

A gefe guda ka bar `journalctl -u coturn -f` a buɗe. Ganin 401 sau ɗaya a farko ba laifi ba ne, haka tsarin yake neman shaida. In ya yi ta maimaituwa, ko kalmar sirrin ba ta dace da wadda ke cikin manhajar ba, ko agogon sabar ya kauce, domin shaidar `use-auth-secret` tana da wa'adi. `timedatectl` zai nuna maka. Lamba 403 na nufin an hana adireshin da ake nema, 486 kuma an cika ƙa'idar `user-quota`, wato iyakar haɗin da aka yarje wa mai amfani ɗaya.

Otal-otal da dama ba sa barin komai ya fita sai ta ƙofa 443. Mayar da `tls-listening-port` zuwa 443, amma fa coturn ba da ikon root take gudana ba, don haka sai ka yi `sudo systemctl edit coturn` ka sa `AmbientCapabilities=CAP_NET_BIND_SERVICE` a ƙarƙashin `[Service]`. Satifiket ɗin TLS na Let's Encrypt ma haka: mai amfani `turnserver`, wanda coturn ke gudana da sunansa, ba ya iya karanta `/etc/letsencrypt/live`. Kwafo fayilolin zuwa `/etc/coturn`, ka mallaka masa su da `chown`, ka nuna su da `cert=` da `pkey=`. Satifiket ɗin kwana 90 yake yi, saboda haka sa umarnin kwafin da sake tayar da sabar a cikin `--deploy-hook` na certbot, manhajar da ke sabunta shi.

Kafin lokacin Hajji, sa `total-quota`, wato yawan haɗin da sabar za ta ɗauka a lokaci guda, daidai ƙarfin layinka, domin duk bidiyon da ya bi ta sabar sau biyu yake cin data, shiga da fita.