Yadda ake ɗaukar hoto mai faɗi a tsaunukan Khumbu na Nepal

Daga garin Namche Bazaar, mai tsayin mita 3,440, zuwa dutsen Kala Patthar da ya haura mita 5,500, jerin tsaunukan ba ya shiga hoto ɗaya. Sai an ɗauki hotuna a jere, a ɗinke su a kwamfuta da manhajar Hugin ko PTGui, kuma tun a kan dutse ɗinkin ke gyaruwa ko ya lalace. Oktoba da Nuwamba, bayan damina, sama ta fi yin garau. Ka fita da asuba, domin da rana gajimare kan taso daga kwari ya rufe komai.

Ka kafa mariƙi mai ƙafa uku, ka daidaita shi har kumfar ma'auni ta zauna a tsakiya, in ba haka ba layin tsaunuka zai karkace. Ɗora kyamara a tsaye, da lens na milimita 35 zuwa 50. Kowane hoto ya hau kan na baya da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai babban abu: kashe otomatik gaba ɗaya, na haske da na fokas da na launi. Idan ka bar wa kyamara zaɓi, kowane hoto zai fito da haskensa daban, sama ta yi rodi-rodi wajen ɗinki. Sa ƙofar lens a f/8, ƙarfin jin haske (ISO) a 100, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba. Auna haske a gefen da ya fi ƙyalli, ka kulle shi. Dusar ƙanƙara tana ruɗar ma'aunin haske ta fito toka-toka, don haka ƙara haske mataki ɗaya, amma ka duba kada fari ya ƙone. Cire gilashin rage ƙyalli, domin yana duhunta wani ɓangaren sama ya bar wani. Tutocin addu'a ko dutse da ke kusa sukan tsage wajen ɗinki idan kyamara ba ta juya a kan tsakiyar lens ba. Ja da baya mita kaɗan.

Sanyi yana shanye batir. Ajiye na ƙari a aljihun ciki, jikinka ya ɗumama shi. Kafin ka shiga masauki mai murhu, ƙulle kyamara a leda don kada raɓa ta kwanta cikinta.

Mutanen Sherpa gidansu ne nan, ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa, ka nuna masa hoton. Sa mutum a tsakiyar hoto guda, kada ya faɗa inda biyu suka haɗu, ko ya fito da kai biyu. Haka ayarin shanun yak: fara da hoton da suke ciki. Bangon duwatsun addu'a ana barinsa a hannun dama in za a wuce, kuma ba a ɗora masa kaya. Saboda ciwon da hawa sama ke jawowa, bayan mita 3,000 kada tsayin wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma ciwon kai da amai in sun tsananta, sauka ƙasa ne maganinsu.