Darasi na Tara: Yadda Imel Zai Iso Akwatin Kasuwancinka

Duk wanda ya taɓa ba direba saƙo a tasha ya san kaya ba sa isa sai da kwatance. Ka miƙa masa buhu ka ce a kai Kumo, ba sunan unguwa ba lambar waya, to buhun nan a tasha zai kwana. Imel ma haka yake.

A darasin baya mun sayi suna a intanet, kamar sunanka.com.ng. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su. Mun kuma kama hayar wuri a kamfanin da ke ajiye shafuka. Yau akwatin saƙo za mu buɗe da wannan suna.

Buɗe akwatin ba wuya. Shiga cPanel, wato shafin da ake sarrafa wurin da ka kama haya, da kalmar sirrin da kamfanin ya ba ka, ka nemi inda aka rubuta Email Accounts, ka danna Create. Rubuta sunan da kake so kafin alamar @, misali ciniki, ka zaɓi kalmar sirri mai tsawo. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko sunan ɗanka na fari. Shi ke nan, akwati ya samu.

Inda ake tuntuɓe shi ne kwatancen. A cPanel akwai wani wuri mai suna Zone Editor, kuma a cikinsa akwai layin da ake kira MX. Shi ne ke faɗa wa duniya gidan da za a kai saƙonka. Wani ɗalibinmu mai sayar da masara da wake a Tudun Hatsi ya buɗe akwatinsa, har ya buga adireshin a jikin rasit. Kwana uku shiru, alhali mai sayen kayansa daga Legas yana rantsuwa ya turo oda. Da muka leƙa, ashe layin MX yana nuna tsohon kamfanin da ya bari. Saƙon yana zuwa, amma gidan da ɗalibin ya tashi daga ciki ake kai shi.

Don haka duba layin da kyau. Suna ake rubutawa a ciki, kamar mail.sunanka.com.ng ko wanda kamfaninka ya ba ka, ba jerin lambobi ba. A gefensa akwai lambar fifiko, kuma ƙaramar lamba ake fara bi: 0 tana gaban 10. In ka tarar da tsohon layi na wani kamfani, goge shi. Sannan ka shiga Email Routing. Idan akwatin yana nan wurin da ka kama haya, zaɓi Local. Idan Google ko wani kamfani ne zai riƙe maka saƙonni, zaɓi Remote, ka sa layin MX nasu.

Bayan gyara sai haƙuri. Wani lokaci cikin awa ɗaya ya kama, wani lokaci har awa 48. Kada ka yi ta sauyawa don gajen haƙuri, ƙara dagula lissafi za ka yi.

Wannan na shigowar saƙo ne. Na fita kuma yana buƙatar shaida, don kowa na iya aika saƙo ya ce kai ne. Layin SPF, wanda ke farawa da v=spf1, yana faɗin wanda ka yarda ya aika da sunanka, DKIM kuma kamar hatimi ne a kan takarda. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ke neman aƙalla ɗaya daga cikinsu wajen duk mai aikawa. Ni dai shawarata ka sa duka biyun. Shiga Email Deliverability, in ka ga gargaɗi danna Repair.

In za ka haɗa akwatin da manhajar imel ta waya, zaɓi IMAP da lamba 993 (a wurin da aka rubuta Port) don karɓa, da SMTP da lamba 465 don aikawa. Wurin sunan mai shiga rubuta adireshin gaba ɗaya, har da abin da ke bayan @.

Aikin gida: aika saƙo daga sabon akwatin zuwa Gmail ɗin abokin zamanka, shi ma ya mayar maka da amsa. In bai gani ba, ya leƙa kwandon Spam. Ku rubuta lokacin da kowane saƙo ya fita da lokacin da ya iso, ku zo da shi aji na gaba.