Kurakuran da aka fi yi kan ciwon ƙoda mai jakunkunan ruwa

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar wannan ciwo a matsayin lalurar mutum ɗaya. Gadonsa ake yi. Idan uba ko uwa na da shi, kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. Sai ka ga gida guda kaka ya rasu da kumburi, baffa yana zuwa wankin ƙoda, amma babu wanda ya tuna da matasan gidan. A gaya wa likita tarihin zuri'a, manya su yi hoton ciki.

Wasu kuma jira suke sai ƙugu ya fara ciwo ko fitsari ya fito da jini. Alhali hawan jini yakan riga su zuwa, tun mutum yana ɗan shekara 30, kuma shi ke ƙara cinye ƙodar. A riƙa awo, a sha magani kullum, a rage gishiri da dunƙule a miya. Diclofenac da Ibuprofen ɗin da ake saye a kemis kamar gyaɗa, a bar su.

Yanzu wani ruɗi ya shigo, na allurar ƙwayoyin asali, wato ƙananan ƙwayoyin jiki da ke haifar da wasu su gyara inda ya lalace. Gaskiya ne masana na nazarinsu. A ɗakin gwaji suna rainon ƙwayoyin har su zama 'yar mitsitsiyar ƙoda, su ga yadda jakar ruwa ke farawa idan ƙwayar gado ta PKD1 ko PKD2 ta samu tangarɗa: ƙwayoyin bangon ƙananan bututun da ke cikin ƙoda su yi ta yaɗuwa suna zuba ruwa ciki. Amma bincike ne, bai zama magani ba. Ko da ƙwayoyin asalin marar lafiyar za a yi allurar, su ma suna ɗauke da tangarɗar. Kada a sayar da gona saboda tallan intanet.

Maganin da aka tabbatar yana rage gudun ciwon shi ne Tolvaptan, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. Ba ya warkarwa, yana sa ƙishirwa da yawan fitsari, kuma dole a riƙa duba hanta.

In an zo dashen ƙoda, ƙani yakan ce a ɗauki tasa. A fara bincikarsa tukuna, don mai yiwuwa shi ma ya gada.