Kurakuran da aka fi yi wajen ba kwamfuta iri (lambar farko) don fitar da lambobin ƙuri'a

Kwamfuta ba ta jefa ƙuri'a ta gaskiya, lissafi kawai take yi. Ana ba ta lamba ta farko, wadda masu rubuta manhaja ke kira iri, daga ita take fitar da ta biyu, daga ta biyu ta fitar da ta uku. Muddin iri bai canja ba, jerin lambobin ma ba zai canja ba.

Kuskuren masu koyo shi ne manta irin gaba ɗaya. A harshen rubuta manhaja mai suna C, wanda ya kira rand(), umarnin fitar da lamba, bai riga ya kira srand(), umarnin ba da iri ba, tamkar ya ba da 1 ne a matsayin iri. A ɗauka ɗalibi a Marwa ya rubuta wa mahaifiyarsa 'yar manhajar fitar da wadda za ta fara kwasar adashe: duk lokacin da aka kunna, sunan mace ɗaya zai fito, kuma ba za a rasa mai zargin uwar adashe da son kai ba. Gyaran shi ne a rubuta srand(time(NULL)) a farkon manhajar, sau ɗaya tak, don lokacin agogon kwamfuta ya zama iri.

A wannan "sau ɗaya" ɗin ne aka fi yin tuntuɓe. Wasu kan saka srand() a cikin zagayen da ke maimaituwa, suna zaton ƙara hargitsa lambobin suke yi. Alhali time() daƙiƙoƙi yake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970, kwamfuta kuwa tana iya zagayawa sau dubbai kafin daƙiƙa guda ta cika, saboda haka lamba ɗaya za ta yi ta dawowa. A fitar da shi daga zagayen, magana ta ƙare.

Agogo ya isa ga adashe da wasa, amma ban yarda a dogara da shi wajen kalmar sirri ko lambar tabbatar da tura sefa ta waya ba, domin daƙiƙa 86,400 ce kacal a yini, ɓarawo zai gwada su duka nan take. Ta irin wannan ƙofa ɗalibai biyu a Amurka suka karya tsaron Netscape, manhajar shiga intanet, a 1995. A harshen Python a yi amfani da secrets, kayan aikin da aka tanada don lambobin sirri, maimakon random, na fitar da lambobin yau da kullum.

Mai bincike kuma buƙatarsa daban ce. Ya kafa iri da gangan, kamar random.seed(42), ya rubuta shi a rahotonsa don malaminsa a Ngaundere ya maimaita gwajin ya sami sakamako ɗaya, sannan ya cire layin kafin manhajar ta shiga hannun jama'a.