Yadda ake kofte irin na Turkiyya a gida ba tare da ya watse ba

Masu gwada kofte, wato niƙaƙƙen nama da ake mulmulawa a gasa, a karon farko ɗayan biyu ke samunsu: ko ya wargaje a kasko ya koma dambun nama, ko ya fito da tauri a yi ta fama da shi. Duka biyun tun a kwaɓi ake jawo su, kafin a kunna wuta, don haka a nan zan fi daɗewa.

A Turkiyya kusan kowane gari da irin nasa. Na Inegol, kusa da Bursa, ba a cika masa kayan ƙamshi. Na Akcabat da ke yankin Trabzon da tafarnuwa aka san shi. Na Izmir kuwa a obin ake gasa shi cikin miyar tumatir da dankali. Wanda za mu yi shi ne na yau da kullum, na gashi a kan wuta ko a kasko.

Fara da nama, uwargida. Rabin kilo na naman sa, in da hali a haɗa da ɗan na rago. Ki hana mahauci cire kitsen duka, a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar. Na san an saba cewa "malam, tsoka zalla", to tsoka zalla ita ke ba da busasshen kofte, kuma ba man da za ki zuba daga baya ya gyara shi. Ga shi mai kitsen ya fi araha. A wanke naman a tsane shi kafin niƙa, bayan niƙa kuwa kada ruwa ya taɓa shi. A injin nama za a niƙa, sau biyu. Bilenda ba ta wannan aikin, caɓe shi take yi.

Sai albasa, wadda ita ce ke kayar da yawancin mutane. Guda ɗaya matsakaiciya. Ba yankawa za ki yi ba, komai ƙanƙantar yankan, domin gutsattsarin ne ke raba naman ya tsattsage a wuta. Gogawa za ki yi a ƙananan ramukan abin goga. Daga nan ki juye ta a tsaftataccen ƙyalle ki murɗe, ki matse, ki sake matsewa har ɗigon ya tsaya. Za ki yi mamakin ruwan da ke cikin albasa ɗaya. Abin da zai rage a ƙyallen bai fi cikin cokali biyu ko uku ba, kuma shi ake so. Na ga masu cewa ai a ruwan daɗin yake, su juye shi cikin naman, kwaɓin ya yi ruwa, su bi shi da fulawa don ya kama, fulawar kuma ta daskarar da shi. In kina jin asarar ruwan, ki ajiye shi ki zuba a miya.

Burodi yanka biyu, wanda ya kwana. Ki cire ɓawon, ki jiƙa cikin, ki matse shi sosai kamar yadda kika yi wa albasar. Ki nemi marar zaƙi, domin burodinmu na shayi sukari ya yi masa yawa, sai koften ya ƙone ta waje cikinsa bai nuna ba. In garin busasshen burodi gare ki, cokali uku ya isa.

Kayan ƙamshi kaɗan ne: gishiri ƙaramin cokali ɗaya, kumin cokali ɗaya, masoro rabin cokali, garin barkono daidai bakinki, tafarnuwa ƙwaya biyu a daka, da ganyen fasili yankakke ƙanana, wanda ake samu wajen masu kayan salak. Kumin kam ba a barinsa, shi ne ƙamshin kofte. Kori da tayim su zauna a kwalbarsu. Dunƙulen ɗanɗano ma ni ba na sawa.

Yanzu ki haɗa komai a roba mai faɗi ki cuɗa. Ba juyawa da cokali ba, cuɗa da hannu, kina dannawa da tafi kina naɗowa, minti 10 cur. Gishirin ne ke sa naman ya saki danƙonsa yayin cuɗar, danƙon nan kuma shi ke riƙe kofte. Shi ya sa ba na sa ƙwai. Wanda ya cuɗa da kyau ba ya bukatarsa. A minti uku na farko za ki ga kamar ya haɗu, bai haɗu ba. Ki ci gaba har launinsa ya ɗan yi haske, ya fara barin farin maiƙo a jikin robar. Ki ɗebi kaɗan ki manna a tafin hannu ki kifa hannun. In ya faɗo da sauran aiki, in ya maƙale kin gama.

Ki rufe ki sa a firji aƙalla awa ɗaya, in ya kwana ya fi. Ranar da babu wuta, ki ɗora robar a kan ƙanƙara rabin awa. Niƙaƙƙen nama ba a barinsa a zafin ɗaki yana jira.

Kafin ki mulmula duka, gasa ɗan mitsitsi ki ɗanɗana gishiri. Sai ki jiƙa hannu, ki riƙa ɗiban abin da bai kai girman ƙwai ba, ki mulmula shi da ɗan tsawo, ki danne ya yi faɗi, kaurinsa kamar na yatsa. Kada ki bar shi ƙwallo, cikinsa ba zai nuna da wuri ba. Rabin kilo zai ba ki wajen 15.

Gawayi ya fi komai, amma sai ya ruru ya yi farin toka, kuma ki shafa wa wayar mai. A kasko kuwa mai cokali ɗaya kawai, ya yi zafi tukuna. Ba a tsoma kofte cikin mai. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe, juyi ɗaya, ba dannawa. In ya maƙale ki ƙyale shi, zai saki da kansa. Ki fasa ɗaya ki tabbatar ba ja a ciki.

Turkawa na cinsa da shinkafa ko burodi, gasasshen koren tattasai da tumatir, da piyaz, wato salak ɗin farin wake da albasa. Abin sha ayran ne: kindirmo marar sukari, ruwan sanyi da ɗan gishiri, a kaɗa har ya yi kumfa. A kai shi da zafinsa, kitsen na daskarewa da ya huce.