Kurakuran da sababbin shiga ke tafkawa wajen neman tagullar fofiri

Duk shekara sai an turo mana sababbin yara filin bincike, takardar digiri a jaka, guduma sabuwa fil a ƙugu, kuma kafin wata ya zagayo sun maimaita kurakuran da na bara suka yi, ba ragi ba ƙari. Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗai-ɗai. Shi ya sa na rubuta, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Tushen abin shi ne da yawa ba su riƙe kamannin abin da suke nema ba. Fofiri ba wata jijiya ba ce mai kauri da za ka bi da diga. Narkakken dutse ne ya taso daga can ƙasa, ya tsaya a zurfin 'yan kilomitoci ya huce, ruwan zafin da ya fito daga jikinsa ya farfasa duwatsun da ke kewaye, ya bar tagulla a warwatse cikin siraran jijiyoyi marasa ƙirguwa. Yawanci kason tagullar a cikin dutsen bai kai 1 cikin 100 ba. Idan aka ce 0.5, kilo biyar ke nan a cikin tan guda na dutse. Ribar a yawa take, ɗaruruwan miliyoyin tan. Lokacin da Daniel Jackling ya sa manyan injunan kwasa a Bingham Canyon ta jihar Yuta a 1906, dutsen da yake kwasa kusan kashi 2 cikin 100 ne, kuma masu haƙar zamanin shara suke ɗaukarsa. Yau fiye da rabin tagullar duniya daga irin wannan dutse take fitowa.

To, ga babban ciwon: son kore. Yaro ya hau tudu, ya hango malakayit ko kirisokola, ma'adinan tagulla masu launin kore, suna sheƙi a jikin dutse, shi ke nan hankali ya tashi. Ya cika jaka, ya ɗauki hoto, da dare ya rubuta rahoto kamar ya gano taskar duniya. Gefe guda kuma ga wani tudu ja-ja, busasshe, duwatsunsa duk 'yan ramuka, ya wuce shi ko tsayawa bai yi ba, don an kai samfurinsa ɗakin gwaji an ce babu tagulla. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ka tsaya ka fahimci abin da ruwan sama ke yi. Farayit, ma'adinin ƙarfe da sulfa mai ƙyalli kamar zinari, idan ya haɗu da ruwa da iska asid yake haifarwa. Asid ɗin ya narkar da tagullar da ke sama, ya gangara da ita, sai ta isa ƙarƙashin matakin ruwan ƙasa sannan ta sake zama, ta taru ta zama shimfiɗar kalkosayit, wani ma'adinin tagulla, mai kaso ninkin na asali. Abin da ya rage a sama wankakken dutse ne. Rashin tagulla a cikinsa ba shaidar babu ba ce, wani lokaci shi ne shaidar akwai. Escondida da ke hamadar Atacama a Chile, wadda yau babu mahaƙar da ta kai ta fitar da tagulla, haka ta kwanta a ɓoye har watan Maris na 1981. Ramin da ya gano ta sai da ya ratsa sama da mita 200 na wankakken dutse kafin ya taɓa arzikin. Da a hannun masu son kore aikin yake, da tuni an naɗe kaya.

Shi kuma koren, tafiyayye ne. Tagulla narkakkiya tana bin ruwa ta yi nisa, ta je ta manne a tsakuwar tsohon kwari. A kudancin Chuquicamata, babbar mahaƙar tagulla a Chile, akwai mahaƙa guda, Exótica, wadda tagullarta duk gudowa ta yi daga babban jikin, tafiyar kilomitoci. Don haka in ka ga kore, tambayar farko ita ce daga ina ya zo, ba nawa ne a ciki ba.

Ni dai al'adata, sabon yaro ba ya kawo mini koren dutse sai ya fara cika jaka da munana. Ka fasa dutsen, ka sa gilashin ƙara girma, ka leƙa cikin 'yan ramukan nan da ma'adinin ya narke ya bari. Ka goga tsatsar a bayan guduma ka ga launinta. Ja mai duhu, kamar busasshen jini, hematayit ne, sau da yawa kalkosayit ya bar shi. Rawaya jarosayit ne, farayit ya yi yawa a wurin. Ruwan ƙasa mai duhu gotayit ne, yakan biyo bayan kalkofarayit, ma'adinin tagulla na asali. Akwai abokan aikin da ke ganin wannan karatun tsatsa tsohon yayi ne, ba ya rabuwa da kuskure. Sun yi gaskiya, yana kuskure. Amma ban taɓa ganin ya ci kuɗin kowa ba. Kuma kullum ka sa a auna molibdenam, wani ƙarfe da ke zuwa da ita a fofiri, tare da tagulla, don shi ba ya saurin guduwa daga dutse mai asid, yakan tsaya kusa da inda abin ya faro.

Na biyun shi ne wanda har yanzu in na tuna raina ke ɓaci. Awon lantarkin nan na IP, wanda ake tura wuta cikin ƙasa a ga inda ke riƙe caji. Ana kawo taswirarsa mai launi, sai kowa ya zuba ido a kan jan tabo. Na yi aiki ƙarƙashin wani manaja da ya buga yatsa a tsakiyar irin wannan tabo ya ce, "Malam, me kuma za mu tsaya jira? Ga shi nan ja wur." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan jan farayit ne. Mu matsa ciki." Ya ce kuɗin kamfani ba na yawon gwaji ba ne. Aka dasa injin huda, rami bayan rami, sandunan dutsen da injin ke zaro wa daga ramin suna fitowa fari fat da serisayit, wani farin ma'adini mai laushi, farayit yana ƙyalli kamar a yi kuka, tagulla kuwa sai dai a ce da ita sannu. Kuɗin shekarar suka ƙare a nan. Aka sallami leburori, aka saki filin, mu ma kowa ya kama gabansa. Har yau ban san abin da ke kwance a tsakiyar zoben farayit ɗin nan ba, kuma abin da ke cina ke nan.

Jama'a, na'urar IP ba ta san tagulla ba! Duk wani ma'adini mai sulfa ɗaya ne a wajenta, kuma wanda ya fi yawa a fofiri shi ne farayit. Tun 1970 David Lowell da John Guilbert suka zayyana tsarin: a tsakiya akwai yanki mai bayotayit, baƙin ma'adini mai sheƙi, da jan felsfa, sau da yawa da magnetayit mai jan maganaɗisu, kewaye da shi yankin kwaz da serisayit da farayit, can waje kuma duwatsu masu kore-kore na kulorayit da efidot. Tagulla ta fi zama a tsakiyar da kuma inda tsakiyar ta haɗu da zoben farayit. Wato wurin da awon ya fi ihu, galibi katangar gidan ce, ba ɗakin ba. Wane ne bai karanta wannan a makaranta ba? Amma ana ganin jan tabo sai karatu ya gudu.

Abin da nake yi shi ne, ba na sa alamar rami sai na ɗora taswira uku a kan juna: ta IP, ta maganaɗisu, da wadda na zana da ƙafata ina bin sauyin duwatsu. In zoben caji ya kewaye wani wuri mai ƙarfin maganaɗisu, to kafaɗar ciki nake nufa, kuma a karkace nake huda, don jijiyoyin a tsaye suke, ramin tsaye yana iya bi ta tsakaninsu ya fito hannu rabbana. Kada kuma ka ɗauka tsarin nan kullum a miƙe yake yadda aka zana a littafi. Shi kansa Lowell abin da ya ɗaga sunansa a shekarun 1960 shi ne ya lura jikin tagullar San Manuel a Arizona rabi ne kawai: ƙasa ta kwantar da shi a gicciye, karaya ta raba shi biyu. Ya bi lissafi ya nemo ɗaya rabin, Kalamazoo, wanda ya zame fiye da kilomita biyu.

Ƙanin wannan kuskure shi ne tsayar da rami da wuri. An tsara mita 300, an kai mita 300, sai a ce a ɗaga inji, alhali jijiyoyi sai ƙaruwa suke kuma bayotayit ya fara bayyana. A Oyu Tolgoi ta Mongoliya, kamfanin BHP ya yi hudarsa a ƙarshen shekarun 1990 ya bar wa kamfanin Ivanhoe filin, su ma suka fara da gajerun ramuka suna neman shimfiɗar sama. Sai a 2001 rami na 150 ya nutsa da gaske, ya ratsa sama da mita 500 masu tagulla wajen kashi 0.8 da zinari fiye da giram ɗaya a tan. Ni ba na rufe ramin da ƙarshensa ya fi farkonsa kyau. A yi faɗan kuɗi da ni daga baya.

Sai ƙiwar karanta tsofaffin rahotanni. Jean Jacques Dozy, ɗan ƙasar Holan, ya ga dutsen Ertsberg mai tagulla a tsibirin Nugini a 1936 ya rubuta. Rahoton ya sha ƙura har wajen 1959 kafin Forbes Wilson na kamfanin Freeport ya karanta shi. Shi kuma Grasberg, wanda ya ninka shi girma nesa ba kusa ba, yana nan 'yan kilomitoci kaɗan daga wurin, ba a huda shi da gaske ba sai 1988. Kafin ka taka fili, ka nemi duk takardar da wani ya taɓa rubutawa a kansa, har da ta wanda ya ce babu komai. Ka duba zurfin da ya tsaya, da abin da bai auna ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Tsintar dutsen da ya fi kyau a kira shi samfuri yaudarar kai ce. Ka yanki layi miƙaƙƙe ka kwashe mai kyau da mummuna. In kana rubuta bayanin sanda, ka nuna wace jijiya ce ta yanke wace, don da haka ake sanin na farko da na baya. Ka kula da dutsen da ya kutso bayan tagulla ta gama zama, fanko ne, yana iya sa ka tsine wa fili mai kyau. Kowane rukunin samfuri da za ka aika ɗakin gwaji, ka cusa masa fanko, wato marar tagulla, da wanda ka riga ka san kasonsa. Badaƙalar kamfanin Bre-X ta 1997 a Indunusiya, inda aka riƙa barbaɗa zinari a samfuri, ita ta sa Kanada ta tsaurara dokar bayar da rahoto. Sanda kuwa a tsaga ta biyu da zarto, rabi gwaji rabi ajiya, kuma a rubuta lambar rami da zurfi a jikin akwatin da fentin da rana ba ta ci, ba da alƙalamin da zai goge kafin shekara ba.